Kujerar fata a mota: a shafa mata mai ko kada a shafa?

Shugaban Zaure:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Hunturu ya kankama, kuma tambaya ɗaya ce ke ta dawowa a saƙonnin da ake turowa: kujerar fata ta bushe, gefen ta direba ya tsattsage, sitiyari ya yi baƙi yana kama hannu. Wasu an ce musu su shafa man kaɗanya, wasu basilin, wani ma baƙin mai aka ce masa. Masu sana'ar suna cikinmu, to ga fili ga mai doki. A yi mana bayani dalla-dalla.

Mai Kushin:
Wa alaikumus salam. Kafin a zo maganar mai, mutum ya fara sanin a kan me yake zaune. A bakinmu duk abin da ya yi santsi "leda" ne, alhali iri-iri ne, kuma abin da zai gyara wata shi zai kashe wata.

Wadda ta fi yawa a motocin da ke kan titinmu ita ce fata ta gaske da aka rufe da fenti. Ƙirgin saniya ne da aka jeme, kaurinsa wajen milimita 1 zuwa 1.4, aka fesa masa launi, sannan aka fesa wani siririn rufi mai kama da roba a kai. Akwai kuma wadda aka rina kawai ba a rufe ba, ko aka yi mata rufi ɗan kaɗan. Wannan sai a manyan motoci, irin su Ford King Ranch da wasu Lexus na sama. Sai ledar roba, wadda babu fata a jikinta ko ƙanƙani: Toyota na kiranta SofTex, Lexus NuLuxe, Mercedes MB-Tex ko Artico, BMW Sensatec. Alcantara mai laushin nan kamar karammiski ita ma ba fata ba ce, zaren roba ne.

Gwajin ba shi da wuya. A ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a inda ba ya da tsaga, a jira minti ɗaya. In ya tsaya a dunƙule, rufaffiya ce ko leda. In ya shige wurin ya yi duhu, buɗaɗɗiya ce. Don a raba fata da leda kuma, a leƙa ƙarƙashin kujera inda aka naɗe bakinta: bayan fata gashi-gashi ne, bayan leda yadi ne saƙaƙƙe. Ku lura kuma, ko a motar da aka ce kujerar fata ce, sau da yawa mazauni da majingina ne kawai fata, gefe da baya duk leda ce.

Baduku:
Malam Mai Kushin, na ji ka, amma fata ai fata ce. Majeman Kano da Sakkwato sun yi ɗaruruwan shekaru suna jima da bagaruwa, su rina da karan dafi, su shafe da man gyaɗa. Fatar jar akuyar Sakkwato ce ta ratsa Sahara har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce. Sirdi, gafaka, kube, takalmi, duk in sun bushe mai ake ba su su dawo hayyacinsu. Fatar da ba ta sha mai ba karyewa take yi. Ta yaya za a ce ta mota ta fita zakka?

Malamar Kimiyya:
Baba Baduku, a kan fatarka kam ba mai ja da kai. Jimar bagaruwa tana barin fata a buɗe, ƙofofinta na shan duk abin da aka ba su. Ta mota kuwa yawanci da gishirin kuromiyam ake jeme ta, irin jimar da masana'antun Sharaɗa da Challawa ke yi, kuma tun a cikin gangar jima ake ɗura mata man da zai tausasa ta, ya kama zarenta daga ciki. Bayan haka ne ake rufe ta da fenti. Rufin nan siriri ne ƙwarai; a ƙa'idar Turai in kaurinsa ya wuce milimita 0.15 ba a ma yarda a kira abin fata zalla ba. Amma duk sirantarsa, ya isa ya tare mai.

To in ka shafa man kaɗanya ko basilin a kai, ina zai je? Zama zai yi a saman fenti. Ƙurar hunturu ta sauka ta manne, ka shigo ka zauna ka murza, mai da ƙura su zama samfefa. Abin da ke cin gefen kujerar direba ke nan, ba yunwar mai ba: goga ce ta shiga da fita, da datti, da zafin rana. Inda fentin ya riga ya tsage kuwa man zai shige ta tsagar, ya yi baƙin tabo, ya ɗaga fentin daga ƙasa ya fara ɓamɓarewa. Man gyaɗa da man zaitun har ɗoyi suke yi in sun daɗe cikin zafi. Baƙin mai kuwa kada ma a kawo zancensa.

Abin da mutum yake gogewa a kujerar motarsa fenti ne. In an riƙe wannan, sauran bayanin duk zai zauna.

Baduku:
Malama, to kwalaben da ake sayarwa a shagunan kayan mota da hoton kujera a jiki, an rubuta na ciyar da fata ne, su kuma fa? Duk yaudara ce?

Mai Kushin:
Ba duka ba, Baba. Kashi biyu ne. Akwai mai maiƙo da sheƙi, mai silikon, wanda in an shafa kujera ta yi ta ƙyalli kana zamewa a kanta in an taka birki. Wannan a bar shi a shago. Akwai kuma wanda aka haɗa da ruwa, fari kamar madara, in ya bushe ba ya barin maiƙo. Aikinsa rage goga da hana datti da rinin tufafi kamawa. Shi ne na ƙwarai, a shafa shi siriri duk wata 3 zuwa 6.

Inda maganarka take da ƙarfi shi ne buɗaɗɗiyar fata da tsofaffin motoci na da, waɗanda rufinsu ya riga ya sakwarkwace. Waɗannan suna sha, kuma suna so. Amma ko su, da man da aka yi don fata, ba na girki ba. Alamar lafiyayyar kujera fa ba sheƙi ba ne. Sabuwar fata ba ta ƙyalli. In ka ga tana walƙiya, dauɗa ce da gumi suka kwanta.

Mai Wankin Mota:
Tunda an zo kan dauɗa, bari in shigo. Rabin kujerun da ake cewa sun mutu wanki kawai suke nema.

A fara da zuƙe ƙura da inji, a tura majingina baya, a buɗe lungun da ke tsakaninta da mazauni, a bi layin ɗinki da buroshi mai laushi. Yashin da ke maƙalewa a nan shi ke yanke zare. Duk wanda ya sa ruwa kafin ya kwashe ƙura, laka ya kwaɓa.

Ruwan wanki: lita 1 na ruwa mai ɗumi-ɗumi, da rabin ƙaramin cokali na sabulun jarirai na ruwa, in ba a samu sabulun fata na musamman ba. Ruwan burtsatse mai gishiri yana barin farin tabo a baƙar kujera, gara ruwan leda. Kada a aiki yaro ya sayo "ruwan batir" don an ce shi ne mai tsabta, ana iya kawo mai asid a ciki. A kaɗa ya yi kumfa, kumfar ake ɗiba da buroshi ba ruwan ba. Buroshin ya zama mai taushi irin na takalmi, wanda in ka goga a bayan hannunka ba zai yi maka zafi ba. A yi aiki ɗan wuri-ɗan wuri, kamar faɗin tafin hannu biyu, ana zagayawa ba tare da dannawa ba, sakan 20 zuwa 30. Nan take a share da tsumma mai ɗanshi kafin dattin ya koma, a bi da busasshe. Farin tsumma ya fi, don shi zai nuna maka gaskiya: in ka ga toka-toka ko baƙi, datti ne, ci gaba. In ka ga launin kujerar ne a jiki, tsaya, ka fara cin fenti.

A inuwa ake wannan aikin, kujera a sanyaye. A rana sabulu bushewa yake yi kafin ka share. Kujera mai ƙananan huji kuwa, tsumman kawai ake jiƙawa a matse shi sosai, in sabulu ya toshe hujin a bi da tsinken sakace a hankali.

A hunturu, shara da tsumma mai ɗanshi sau ɗaya a mako. Babban wanki duk wata 2 ko 3. Sitiyari da kan giya su sun fi son a yawaita, don su ne ke shan gumi da man shafawa.

Malamar Kimiyya:
Ƙari a kan sabulu, don nan aka fi yin ɓarna a wuraren wanki. A ma'aunin tsami da ake kira pH, 7 ne tsakiya: ƙasa da shi tsami ne, sama da shi kuma kaifi ne irin na toka. Fata tana da ɗan tsami, wajen 4 zuwa 5.5. Garin wanki irin Omo yana wajen 10, Hypo ya haura 11, sabulun salo ma toka ce tushensa. Duk suna busar da rufin, su koɗar da launi, in sun shiga ta tsaga su taurara fatar. Fetur, kananzir, tina da ruwan goge farce kuwa narkar da fentin suke yi kai tsaye. Farin soson nan da ake kira majik, wanda ke sa kujera ta yi fes cikin minti ɗaya, shi ma kankara yake yi ba wanki ba. Ranar farko za ka yi murna, bayan wata biyu datti ya fi na da kamawa, don an cinye rufin.

Dillalin Mota:
Oga Mai Wanki, a taɓo mana tabo. Abin da ke karya kuɗin mota mai farar kujera a kasuwa shi ne shuɗin rini, biro da lalle.

Mai Wankin Mota:
Alhaji, tabo duk maganar lokaci ce. Rinin wandon jins, sabuwar shadda ko baƙin rini na baba, in an kama shi a kwana ɗaya ko biyu sabulu da buroshi sun isa. In ya yi makonni cikin zafi, ya nutse cikin rufin, sai dai Fenta. Biro ma haka: a tsoma auduga a sifirit, a ɗan dangwala a kan layin kawai, a share nan take da tsumma mai ɗanshi. Sau biyu ko uku. In bai tafi ba a haƙura, kada garin neman gira a rasa ido. Lalle in ya kama ba ya fita da wanki, rini ne na gaske.

Manja ko man miya: a dangwale da tishu, kada a murza, a barbaɗa hoda ko garin sitaci a bar shi ya kwana ya tsotse, da safe a kaɗe. Cingam, a ɗora ƙanƙara a cikin leda ya daskare a ɓamɓare da katin roba. Jini da ruwan sanyi, na zafi dafa shi yake yi ya zauna. Fura, nono ko madara in sun zube suka bi ta ɗinki, wankin sama ba ya kashe warin, don soson ciki ne ya sha. Sai an kwance rigar kujerar an wanke soson an shanya.

Masu yi a ɓoye kuma su ne turare, sanitaiza da man bilicin. Turaren fesawa da sanitaiza akwai sifirit a ciki, su ne ke sa sitiyari ya yi laushi yana ɗayewa. A bar hannu ya bushe kafin a kama. Man gashi kuma shi ke baƙanta matashin kai.

Fenta:
Salamu alaikum. Inda wanki ya tsaya nan namu ya fara. Tsagar da ba ta ratsa fata ba, fenti ne kawai ya dare, ana gyara ta a kan kujerar ba sai an kwance ba. Ga yadda ake yi.

Wanki tukuna, kamar yadda Oga ya faɗa, a bari ta bushe. Sannan a goge wurin da sifirit don a cire maiƙo. A nan ne masu shafa basilin da feshin silikon ke biyan bashi: fenti ba ya kama wurin da ya sha mai, sai ya riƙa tsattsaguwa yana yin ido-ido. Irin wannan kujerar sai an goge ta sau uku ko huɗu, wani lokacin ma in man ya nutse cikin fatar sai dai a canja ɓangaren.

Sai samfefa mai lamba 600 zuwa 800, a hankali, don a kwantar da bakin tsagar da ya miƙe. A share ƙurar. Sai fila ta fata, wato abin cike tsaga, wadda ke lanƙwasuwa in ta bushe. Ba bodi fila ta masu gyaran jikin mota ba, don Allah. Waccan dutse take zama, zama ɗaya ta farfashe. A shafa da siririyar wuƙa marar kaifi, shafi siriri kamar ana cusa ta cikin tsagar, a kankare ragowar. A busar da diraya ta gashi daga nisan santimita 15 zuwa 20, hannu na yawo. In ka tsaya wuri ɗaya fatar za ta ƙanƙance ta taurare, wannan kuma ba ya gyaruwa. Fila tana shanyewa in ta bushe, saboda haka sai an yi shafi 3 ko 4. Wanda ya lafta ta sau ɗaya da kauri, sama za ta bushe ciki ɗanye, ta tsage a mako. In ta cika daidai, a bi da samfefa 1000 zuwa 1200 har yatsa ya daina jin gaɓa.

Launi shi ne inda ake gane gwani. A Toyota akwai lambar launin ciki a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, inda aka rubuta C/TR. Amma kujerar da ta sha rana shekara goma ba launin kamfani take ba, don haka da ido ake ƙarasa haɗin. A gwada a ɓoyayyen wuri, a busar kafin a yanke hukunci, don jiƙaƙƙen launi daban busasshe daban. Shafin farko da soso ana dangwalawa don ya shiga, sauran 2 ko 3 da bindigar feshi, kowanne siriri, a busar tsakani. A kai fentin har bakin ɗinki, kada a tsaya a tsakiyar fili, nan ne faci ke nuna kansa.

Na ƙarshe rufi marar sheƙi, shafi 2. Shi ne mai ɗaukar goga, wanda ya tsallake shi aikinsa ba zai ga damina ba. In akwai sinadarin da ke ƙara masa ƙarfi, a zuba daidai yadda aka rubuta a kwalba, a sa safar hannu da takunkumi, kuma abin da aka haɗa a ƙarar da shi a ranar. Kada a zauna sai bayan awa 24 zuwa 48, kada a wanke sai bayan mako guda.

Fentin mota na gwangwani da folish na takalmi ba su da wuri a nan. Na farko ya taurare ya ɓare, na biyu kuwa ranar Juma'a a bayan farar shadda za ka same shi.

Baduku:
To a nan dai mun haɗu, Malam Fenta. Yagewa kuwa aikinmu ne tun kaka da kakanni. In fata ta yage ta ratsa, ba a haɗa baki da baki a zuba gam a ce an gama. Ƙyalle ake sa mata ta ciki. A yanko yadi mai ƙarfi marar kauri, ya fi yagewar da santimita 1 zuwa 2 ta kowane gefe, a zagaye kusurwoyinsa don kada su naɗe. A cusa shi ta cikin ramin da hantsaki, a shimfiɗe shi sumul tsakanin fata da soso. A ɗaga bakin fatar a shafa gam a bayanta da tsinke, ɗan kaɗan, a jawo bakunan su haɗu, a danne da abu mai nauyi kamar minti 20 zuwa 30. Gam ɗin ya zama mai lanƙwasuwa. Sufa gulu haramun ne a kan fata: yana ƙona ta, ya taurare kamar gilashi, gefensa ya sake yagewa ya fi na farko. Ƙunar taba kuma sai an yanke baƙin da ya ƙone da reza tukuna, don wurin ya mutu, ba ya karɓar komai. Daga nan sai filarku da fentinku.

Mai Kushin:
Baba ya gama magana. Abin da zan ƙara shi ne sanin inda faci ba ya aiki. Ramin da ya wuce santimita 5, yagewar da ke bakin ɗinki, gefen da direba ke murzawa kullum in fatar ta zama kamar kwali, da ledar roba da ta fara ɓarewa kamar ƙaiƙayi: duk waɗannan canjin ɓangare ne. Leda in ta fara ɓarewa, zafi da laima ne suka ruɓar da robar gaba ɗaya, ka gyara nan gobe can ya tashi.

Ana kwance rigar, a warware ɓangaren da ya lalace, a shimfiɗa shi a kan sabuwar fata a zana, a ɗinke. Allurar fata, zaren nailan ko foliyesta mai kauri, tsawon ɗinki milimita 4 zuwa 5. In ɗinkin ya yi ƙanana ya matsu, ka yi wa fatar layin yagewa da hannunka, kamar takardar rasit. Inda aka warware za a mayar, a bi tsofaffin hujin, kada a buɗe sababbi kusa da su.

Abin da aka fi mantawa shi ne soso. Gefen kujerar direba yana tsagewa ne don soson da ke ƙarƙashi ya mutu, fatar ta rasa abin da zai tokare ta, tana ninkewa wuri ɗaya kullum. Wanda ya sa sabuwar fata a kan mataccen soso ya yi aikin baban giwa. A yanke ruɓaɓɓen, a manna sabo mai tauri, a sassaƙe shi ya yi siffar na ɗaya gefen, a rufe da siririn soso don gaɓar ta ɓace. Sannan a mayar da zobban wayar da ke riƙe rigar da soso, duka, ba rabi ba. In an rage su rigar za ta riƙa yawo tana tattarewa.

Mai Wayarin:
Maigida, kafin kowa ya ɗauki sifana, ga abin da ya fi fata muhimmanci. Kujerun motocin yanzu akwai jakar iska a gefen majingina, za ka ga an rubuta SRS a jiki. A kashe mota, a cire kan batir na nagetif, a jira. Littafin gyaran Toyota sakan 90 ya ce aƙalla, wasu kamfanonin sun fi haka, don haka a ba shi minti 5 ba a yi asara ba. Soket mai ruwan ɗorawa a ƙarƙashin kujera shi ne na jakar iska. Ba a gwada shi da mita, ba a sa masa fitilar gwaji. Kada a kunna makulli alhali yana cire, don a motoci da yawa fitilar gargaɗin ba za ta mutu ba sai an sa kwamfuta. In kujerar mai lantarki ce, a kwance kusoshinta huɗu tun batir na haɗe, don sai an tura ta gaba da baya ake kaiwa gare su, sannan a cire batir kafin a taɓa soket.

Ɗinkin da ke gefen jakar iska an yi shi ne don ya fashe in an yi hatsari. Wanda ya maimaita shi da zare mai kauri don ya yi ƙarko, ko ya sa wa kujerar rigar da ba ta da mafita a gefen, ya ɗaure jakar. Wannan ba maganar ado ba ce, maganar rai ce.

Kujerar mai zaman banza kuma tana da na'urar da ke auna ko akwai mutum a kai. A Toyota da Lexus da yawa in an kwance kujerar sai an sake saita ta da kwamfuta. Kujeru masu ɗumamawa akwai siririyar waya shimfiɗe a ƙarƙashin fatar, allura ɗaya ko durƙuso da gwiwa yana tsinka ta. Masu sanyayawa kuma fanka ce a ciki, ruwan da aka kwarara ta hujin a kanta yake sauka.

Dillalin Mota:
Allah ya saka, Injiniya. Nawa ɗan ƙarin a kan fumfuna ne, tunda damina na zuwa. In mota na wari kamar rumbu, kujera na fitar da fari-fari, neman inda ruwa ke shiga ake fara yi: bututun rufin gilashi na sama da ya toshe, bututun ruwan AC da ke zuba a cikin kafet, ko robar ƙofa. In ba a toshe wannan ba wanki banza ne. Fumfunar kanta, a sa takunkumi, a zuƙe ta da inji a waje, a goge da ruwan khal da ruwa rabi da rabi, a bi da tsumma mai ɗanshi, a buɗe ƙofofi a inuwa ta sha iska.

Masu sayen 'yar Kwatano ko ta Amurka kuma su duba ko ta sha ambaliya. A jawo bel ɗin kujera har ƙarshe a ga ko akwai layin ruwa, a leƙa dogon ƙarfen da kujera ke gudu a kai ko ya yi tsatsa, a ɗaga kafet a nemi yashi. Turare mai ƙarfi a motar sayarwa shi ma abin tambaya ne. Fatar da ta jiƙa ta bushe da kanta tauri take yi, ɗinkinta ya tattare.

Shugaban Zaure:
Rana fa? Ba wanda ya taɓo ta sosai, ga bazara a gaba.

Mai Kushin:
Ranka ya daɗe, ita ce uwar ɓarnar. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri waje yana haura digiri 40, cikin rufaffiyar mota kuwa ya wuce 60, saman dashbod ya fi haka. Saman kujerar baya da kafaɗar ta direba su ke fara koɗewa. Inuwa, da abin tare rana mai azurfa a gilashin gaba, da ɗan sassauta gilashi kamar yatsa ɗaya in wurin da tsaro. Farin tawul a kan kujera in za a daɗe a ajiye ya fi kowace kwalba aiki. Gilashi mai duhu yana taimakawa, amma a Najeriya sai da izinin 'yan sanda. Ledar kamfani da wasu ke bari a kan kujera don a san motar sabuwa ce, a cire ta, gumi take tarawa. Rigar kujera ma in za a sa, a riƙa cire ta duk wata ana kaɗe yashin da ya shige ƙarƙashi.

Dashbod ɗin Camry ta 2007 zuwa 2011 da ke narkewa yana danƙo, wannan robar ce da kanta ta lalace, sananniyar matsala ce. Feshin sheƙi ƙara mata yake yi, kuma yana haska gilashi ya kashe wa direba ido. Shimfiɗa a kai, ko canji.

Baduku:
Na karɓi maganar fenti. Amma ina nan a kan bakana a wuri ɗaya: tsohuwar kujerar da fentinta ya riga ya tafi, fatar ta fito fili ta bushe ƙamas, in ba a tausasa ta ba kafin a sa fila, karyewa za ta yi a ƙarƙashin gyaran.

Fenta:
Haka ne Baba, amma da mai tausasawa na ruwa, ba man kaɗanya ba. A shafa a wurin da ya buɗe kawai, a rufe da leda ya kwana, a murza da hannu har ta saki, a bar ta kwana 2 ta sha iska. Sannan a goge saman da sifirit, a manna salatif a ɓalle. In ya kama da ƙarfi, fenti ma zai kama. In ya zame, akwai sauran maiƙo, a sake gogewa.